JIRGIN TAGWAYE DA TASWIRA MAI ARAHA

A cikin wannan darasi ina so mu duba labarin wani irin jirgin ruwa wanda iska ke kora, da yadda aka yi ya sami shiga wurin Turawa bayan sun shekara ɗaruruwa suna raina shi. Na san yawancinmu a makarantan nan ba mu taɓa ganin teku ba, iyakarmu kwale-kwalen fito a Kwara ko Binuwai. Duk da haka labarin ya shafi aikin da a ke koya mana, gama tambayar da ke cikinsa ita ce: in mutum ya zo da abin da jama'a ba su saba da shi ba, ta wace hanya zai sa su karɓa? Mutanen da zan ba da labarinsu hanya ɗaya suka bi. Sun zana taswirar jirgin a takarda, sun sauƙaƙe ta yadda wanda bai taɓa koyon aikin kafinta ba zai iya bi, sun sayar da ita da araha, sa'an nan suka bar kowa ya haɗa nasa a bayan gidansa.

Bari mu fara da jirgin da aka saba. Yana da doguwar dirka a tsakiyarsa, a jikinta a ke ɗaura wani babban ƙyalle mai ƙarfi, wanda a nan za mu kira shi tanti. Iska ta bugi tantin, jirgi ya tafi. Amma iskar da ke tura shi gaba, ita ce kuma ke neman kifad da shi, balle in ta zo daga gefe. Dabarar Turawa a kan wannan ita ce su liƙa nauyi a ƙarƙashin jirgin, dalma ko baƙin ƙarfe, wanda sau da yawa yakan kai sulusin nauyin jirgin duka, ko ya fi. In iska ta kwantad da jirgin, nauyin nan ya sāke ta da shi tsaye. Dabara ce mai kyau, sai dai tana da tsada, kuma jirgin na ɗauke da wannan kaya duk inda ya nufa, kamar matafiyin da aka ɗaura wa dutsen niƙa a ƙugu. In kuwa jirgin ya huje, dalmar nan ita za ta ja shi ƙasa.

Mutanen tsibiran Tekun Pasifik wata hanya suka bi tun zamanin kakanninsu. Sukan sassaƙa kwale-kwale biyu dogaye sirara, su jera su da tazara a tsakani, su gicciya azara a kansu, su ɗaure tam da igiyar ɓawon kwakwa, su shimfiɗa dandamali a bisa, su kafa dirka. Shi ne na ke kira jirgin tagwaye. Turawa na ce masa katamaran, kalmar da suka aro daga harshen Tamil na kudancin Indiya, ma'anarta itacen da aka ɗaure. Faɗinsa shi ke hana shi kifewa. Ku tuna da ɗan kokawa in ya buɗe ƙafafunsa ya kafe, ai ba nauyin jikinsa kaɗai ke hana a kā da shi ba. Tun da ba ya bukatar dalma, jirgin ba shi da nauyi, kuma in na katako ne, ko ruwa ya cika shi da wuya ya nutse.

Akwai kuma batun sauri, ga ɗan lissafi ga masu so. Jirgi mai ƙiba da nauyi yana tura ruwa gabansa, ya ta da igiyar ruwa wadda shi kansa ba ya iya hayewa, sabo da haka gudunsa na da iyaka. Masana sun ce a ɗauki tsawon jirgin a ƙafa, daidai inda ya taɓa ruwa, a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan tsawo, sa'an nan a ninka ta da 1 da sulusi. Jirgi mai ƙafa 25, lambarsa 5 ce, watau ba zai wuce wajen mil 6 da sulusi biyu a sa'a ba. (Mil na teku a ke nufi, wanda ya ɗan fi na tudu tsawo, ƙafa 6,076 ne maimakon 5,280.) Siririn kwale-kwale kuwa, wanda tsawonsa ya kai faɗinsa sau goma, yanka ruwa ya ke yi kamar wuƙa, igiyar da ya ke tayarwa ƙarama ce, wannan iyaka ba ta cika kama shi ba.

To, in haka ne, me ya hana Turawa karɓarsa tun farko? Ba rashin gani ba ne. A 1662 wani masani, Sir William Petty, ya gina jirgin tagwaye a Ailan, ya yi gudu ƙwarai, amma wani da ya gina daga baya hadari ya ci shi a teku da mutanen ciki, magana ta mutu. Kyaftin Cook ya isa Tahiti a 1769, ya ga irin jiragen da idonsa, a 1774 kuma ya ga rundunarsu ta yaƙi, manya fiye da ɗari a wuri guda. A 1876 wani gwanin zana jirage na Amurka, Nathanael Herreshoff, ya shiga tsere a Niyu Yok da nasa mai suna Amaryllis, ya bar manyan jirage a baya. Sai masu tseren suka yi ƙara, aka hana shi ladan, aka ware irin jirginsa daga cikin sauran. A 1937 wani Bafaranshe, Eric de Bisschop, ya tashi daga Hawai cikin jirgin tagwaye mai suna Kaimiloa, ya kewayo ta ƙarshen Afirka ta Kudu, ya isa Faransa a 1938. Duk da wannan, a 1956 wani marubuci na Niyu Zilan, Andrew Sharp, ya fid da littafi yana cewa mutanen tsibiran nan ba su iya doguwar tafiya da gangan ba, yawanci iska ce ta kwashe su ta zubar inda suka sami kansu. Masu ilmi da yawa suka yarda da shi.

Ku lura da wannan, domin a nan gindin maganar ya ke. An gwada, an ci tsere, an ƙetare teku, amma duk bai sa an karɓa ba. Dalili, wanda ya ga gwajin ɗan kallo ne kurum. Masu kuɗin sayen jirgi ba su son zuba dukiyarsu a abin da abokansu za su yi wa dariya, kuma wanda in sun gaji da shi ba mai saye. Masu gina jirage ba su gina abin da ba a yi oda ba. Matalauci mai sha'awa kuwa ba shi da ta cewa. Haka abin ya yi ta zagayawa, kowa na jiran wani ya fara.

Wanda ya fi kowa ƙoƙarin warware wannan ƙulli a Ingila shi ne James Wharram, haifaffen Manchesta a 1928. Bai yi makarantar zana jirage ba. Littafin de Bisschop ya karanta, sa'an nan ya yi ta bin gidajen littattafai da na ajiye kayan tarihi yana nazarin jiragen Pasifik. Ya gina ɗan ƙaramin jirgi mai ƙafa 23 da inci 6, ya sa masa suna Tangaroa. A 1955 ya tashi daga Ingila tare da mata biyu Jamusawa, Ruth Merseburger, wadda ita ke lissafin hanya, da Jutta Schultze-Rohnhof. Suka biya ta Sifen da tsibiran Kanari, suka ƙetare Tekun Atlantika zuwa Tirinidad. Jirgin ya sha wuya, gama gindinsa shimfiɗaɗɗe ne, raƙuman ruwa na ta dukansa. A Tirinidad ya gina wani mai ƙafa 40, Rongo, ya gyara abin da teku ta koya masa, ya yi gindinsa da tsini kamar harafin V. A 1959 suka taso da shi daga Niyu Yok zuwa Ailan. Wannan hanya ta arewa ta fi ta kudu haɗari nesa, kuma kafin su ba jirgin tagwayen da ya taɓa ƙetare ta daga yamma zuwa gabas.

Da ya tsaya nan, da labarinsa ya zama irin na de Bisschop, a yi mamaki kwana biyu a manta. Amma daga 1965 sai ya shiga sayad da taswira ga masu son gina nasu.

Abin da ya sa wannan ya yiwu a lokacin, alhali a zamanin Herreshoff da wuya, shi ne katakon ninki. Kun san shi, shi ne faffaɗan katakon nan da kafintoci ke yi wa kabad baya da shi. Ana feƙe gungume falle-falle, a ɗora wani kan wani, jijiyar wannan ta gicciye ta wancan, a manne da gam, falle uku ko biyar ko bakwai. Tun wajen 1934 aka sami gam wanda ruwa ba ya narkarwa, a Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka yi jiragen sama da na ruwa da shi, har ya wadata. Yawanci faifansa ƙafa 8 ne tsawo, 4 faɗi. Dā can, gina jirgi sai gwani wanda ya shekara yana koyo: ya kafa haƙarƙari, ya turara katako ya tanƙwara, ya feƙe kowane ɗaya ya dace da ɗan'uwansa, ya toshe tsakaninsu. Katakon ninki ya rage duk wannan. Amma yana da hali guda: yana lanƙwasuwa ta fuska ɗaya kaɗai, kamar takarda. Ɗauki takarda ka naɗe ta, za ta yarda, amma ka ce za ka lulluɓe ƙwarya da ita, sai ta tattare. Sabo da haka jirgi mai kumburarren ciki ba ya ginuwa da shi cikin sauƙi. Siririn kwale-kwale mai gindin V kuwa, faifai ne a dama, faifai a hagun, su haɗu a ƙasa. Kamar don shi aka yi katakon.

Wharram ba shi ya fara gane amfanin taswira mai araha ba. A 1947, a garin Clearwater na Filorida, wani mai suna Clifford McKay ya roƙi wani magini, Clark Mills, ya zana wa yara jirgin da uba da ɗa za su iya haɗawa, kada kuɗinsa ya wuce dala 50. Mills ya zana wani abu mai ƙafa 7 da inci 9, gabansa a datse, kai ka ce akwatin tufafi ne aka sa wa tanti. Sunansa Optimist. Aka kai shi Denmak a 1954, daga nan ya bazu, har waɗanda aka yi wa rajista suka wuce 150,000, kuma da yawa daga cikin gwanayen tseren duniya a cikinsa suka koya. A Ingila kuma jaridar Daily Mirror ta sa Jack Holt da Barry Bucknell suka zana wani a 1962, aka nuna shi a Landan a 1963, ana sayad da katakonsa a yanke a kan fam 63 da sule 11, tantinsa ja kamar kan jaridar. An gina fiye da 70,000. Yadda a ke haɗa shi abin sha'awa ne: a huda gefen faifan katakon, a ɗinke su da wayar jan ƙarfe kamar yadda baduku ke ɗinke fata, sa'an nan a bi ɗinkin da ƙyallen zaren gilashi da gam. Wanda ya fito da wannan dabara a Ingila, Ken Littledyke, malamin makaranta ne mai koya wa yara aikin katako. Ban yi mamaki ba. Mai koya wa yara shi ya fi kowa sanin inda hannun ɗan koyo ke kakarewa.

Sai dai waɗannan ƙananan jirage ne na wasa a bakin gaɓa, in sun kife a ta da su a yi dariya. Wharram taswirar jirgin ƙetare teku ya ke sayarwa, ga mutanen da bai taɓa gani ba, bai san iyakar gwanintarsu ba. Ya zama tilas ya zana jirgin da zai jure kuskuren magini da na matuƙi. Ga yadda ya yi, kuma a ganina nan ne hikimarsa ta ke.

Da fari bai yarda a haɗa tagwayen su zama dunƙule ɗaya ba. Kowanne a ke ginawa shi kaɗai, sa'an nan a gicciya azara, a cikin jiragensa na baya kuma da igiya a ke ɗaure ta, yadda mutanen Pasifik ke yi. Amfanin wannan biyu ne. A teku, in raƙumin ruwa ya ɗaga wannan ya bar wancan, ɗaurin yakan ɗan ba da kai, ƙarfin bai taru wuri guda ya karya katako ba. A tudu kuma, mutum na iya gina kwale-kwale ɗaya a 'yar rumfa, ya fid da shi, ya gina na biyun, ya kai su bakin ruwa ɗai ɗai, can ya haɗa. Wanda ba shi da fili, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Bai kuma yarda a gina ɗaki a tsakiyar jirgin ba. Wurin kwana na cikin kwale-kwalen, tsakiya kuwa sai dandamalin katako mai ratsi-ratsi, yadda in ruwa ya hau zai zube ta ƙasa, in ya bugo daga ƙasa ya sami mafita. Gindin V ya sa ba a bukatar allon nan da a ke zurawa ƙarƙashin jirgi don hana shi zamewa gefe, wanda akwatinsa na da wuyar yi, kuma yakan yi yoyo. Sa'an nan ya gajarta dirka, ya rage girman tanti.

Wannan na ƙarshe yana bukatar bayani. Jirgin tagwaye na da aibi ɗaya babba wanda masu sukarsa ba su yi ƙarya ba a kai: yana da wuyar kifewa, amma in ya kife ba ya tashi. Faɗin nan da ya tsare shi yana tsaye, shi zai tsare shi yana kife. Mai dalma yakan mirgina ya miƙe, mai tagwaye sai an zo da wani jirgi an ja shi, a tsakiyar teku kuwa wa zai zo? Wharram ya zaɓi ya rage wa jirginsa gudu da gangan, don kada ɗan koyo ya yi sakaci iska ta ɗaga shi. Masu tsere sun yi ta yi masa ba'a a kan haka.

Ita kanta takardar ma sai da aka yi mata dabara. Taswirar magina ta asali layuka ne da lambobi waɗanda sai mai ilmin abin ke karantawa. Hanneke Boon, 'yar ƙasar Holan, wadda ta zama abokiyar aikinsa, ita ta riƙa zana taswirorin hoto hoto, mataki mataki: ga katakon a shimfiɗe, ga inda za a auna, ga hannu riƙe da zarto, ga yadda abin zai kasance in an gama wannan mataki. Ko wanda bai ji Turanci sosai ba zai iya bi. Akwai kuma 'yar ƙaramar taswira ta dubawa, mai arha ƙwarai, wadda mutum zai saya ya ga girman jirgin da yawan kayan da zai ci kafin ya ɗaura niyya. In ya sayi babbar, an ba shi izinin gina jirgi ɗaya da lambar da zai rubuta a tantinsa. Maginan kuma suka kafa ƙungiya da 'yar mujallarsu, wanda ya gama yana gaya wa wanda ke tsakiya inda ya sha wuya.

Ta haka aka sayad da taswira fiye da 10,000. Ku duba abin da wannan ya haifar. Kowane jirgi da aka gama ya zama shaida mai yawo, a tashar da mai taswirar bai taɓa zuwa ba. Maƙwabcin da ya shekara biyu yana leƙen mahaukacin da ke fama da katako a bayan gida, ran nan sai ya ga abin na tafiya bisa ruwa, an kuma ce masa ya hau. Gani ya kori ji. Wanda kuwa ya gina da hannunsa ba ya gajiya da yabon abinsa, ya zama mai talla wanda ba a biya. A tsakanin 1991 da 1997 wani saurayi, Rory McDougall, ya kewaye duniya cikin ɗaya daga cikin ƙananan, mai ƙafa 21 tak.

Yanzu sai mu juya ga ɗaya fuskar, gama hanyar nan ta ci rayuka. A Kalifoniya akwai Arthur Piver, wanda shi ma ba a makaranta ya koyi zana jirage ba. Nasa jirgin 'yan uku ne, babban kwale-kwale a tsakiya, ƙanana biyu a gefe. A 1960 ya ƙetare Atlantika zuwa Ingila cikin nasa mai ƙafa 30, ya kuma sayad da taswira da yawan gaske. Mutum ne mai zaƙin baki, yana nuna wa jama'a kowa na iya ginawa, kowa na iya tuƙawa. Mutane suka ɗauka. Waɗansu suka sayi katakon da ba na ruwa ba don ya fi araha, bayan 'yan shekaru fallayen suka rabu. Waɗansu suka ga ɗakin ya yi musu ƙanƙanta, suka ɗaga rufi, suka ƙara faɗi, suka cika shi da kaya. Jirgin da ba shi da dalma kuwa, rashin nauyi shi ne ransa, in aka lafta masa kaya ya rasa gudu, ya rasa ƙarfi. Waɗansu kuma suka gama gini suka faɗa teku ba su taɓa koyon tuƙi ba, suna zaton wanda ya iya zarto ya iya iska. Duk wanda ya karye ko ya kife, ba a cewa laifin wane ne magini, sai a ce irin jirgin ne ba shi da kyau. Piver kansa ya fita shi kaɗai daga gaɓar Kalifoniya a 1968 cikin wani jirgin irin nasa, ba a sāke ganinsa ba. A 1969 kuma Nigel Tetley, wanda ya kusa gama kewaya duniya shi kaɗai cikin jirgin zanen Piver, ya matsa masa gudu har ya wargaje ya nutse, saura wajen mil dubu da 'yan kai ya isa gida. Shi dai an cece shi. Sunan jiragen 'yan uku ya daɗe bai farfaɗo daga waɗannan shekaru ba.

Wanda ya sayad da taswira ya ba da sunansa aro ga duk wanda ya biya, ba shi kuma da ikon tsayawa a kansa yana duba aikin. Ni dai ina ganin bambancin mutanen nan biyu shi ne, Piver ya dogara ga abin da jirginsa zai yi a hannun gwani, Wharram ya yi lissafin abin da zai faru a hannun wanda ba gwani ba. Ban ce jiragen Wharram ba su da abin faɗi ba. Cikinsu ƙunci ne, mutum na kwana kamar a cikin rami. In iska na fitowa daga inda aka nufa, dole jirgi ya yi ta karkacewa dama da hagun, kamar jaki mai hawan tudu da kaya, a nan kuwa jirage da yawa sun fi su. Kuma kalmar araha na ruɗi. Takardar ce mai araha. Katako da gam da tanti da igiya sun ninka kuɗinta sau da yawa, ga aikin da ke cin shekaru in jirgin babba ne, ana yinsa da maraice bayan an taso daga aiki. Ba kowace taswira da aka saya ta zama jirgi ba, akwai kwale-kwale da yawa da suka ruɓe a bayan gida ba su ga ruwa ba. Amma wanda ya ɓad da kuɗin takarda ya fasa, asararsa kaɗan ce, wannan ma na cikin dalilin da ya sa mutane ba su ji tsoron farawa ba.

Game da mutanen Pasifik da aka ce iska ce ta kwashe su, a 1976 aka tuƙa wani jirgin tagwaye mai suna Hokule'a daga Hawai zuwa Tahiti, wajen mil 2,500, ba agogo ba kamfas, wani gwani mai suna Mau Piailug na bin taurari da tafiyar raƙuman ruwa. A 2008 kuma Wharram, yana da shekara 80, ya tashi daga Filifin tare da Hanneke Boon da jirage biyu, suka bi tsibiri tsibiri, a 2009 suka miƙa su kyauta ga mutanen Tikopia da Anuta. Da ma siffar cikin jiragen daga kwale-kwalen kakannin mutanen nan aka ɗauko ta. Ya rasu a Disamba 2021.

Wanda ya ke so ya nuna wa yaransa wannan a aji, ba ya bukatar teku. A samo karan dawa busasshe mai kauri, a yanka guda uku daidai, kowanne taƙi ɗaya da rabi, a feƙe bakinsu. A soka tsinke a bisa ɗaya, a maƙala masa 'yar takarda a matsayin tanti, a sa a kwatarniya cike da ruwa. Kafin ma a hura zai mirgine. Sauran biyun a jera su da tazarar yatsa huɗu, a haɗa su da tsinke biyu a gicciye, a ɗaure na uku a tsakiya da zare ya zama dirka, a sa takarda daidai da ta farko. A bar yara su hura daga gefe. Bayan sun ga ya tsaya, a canza takardar da wadda ta ninka ta biyu, sa'an nan uku, har a kai inda zai kife, a ce wani yaro ya hura ya ta da shi in ya iya. Daga nan a raba su biyu biyu, kowane yaro ya zana yadda a ke haɗa jirgin a takarda, ya miƙa wa yaron wani aji wanda bai ga an yi ba, a hana shi buɗe baki ko sa hannu, a ga abin da wancan zai haɗa.